Kakana ɗan Kano ne, ni kuma an haife ni a Garwa: yadda ake neman takardar ƙasa ta hanyar asali

Jama'a assalamu alaikum. Tambayar nan dai ta ƙi ƙarewa, wannan ya turo daga Marwa, wancan daga Kuseri, wata baiwar Allah daga Ngaundere, duk a nan Kamaru, kuma duk maganar ɗaya ce: kakana daga Kano ya zo, ko babana ɗan Mubi ne, ko mamata 'yar Cadi ce, yaya zan yi in samu takardar can, kuma in na samu shikenan na zama cikakken ɗan ƙasa? Toh bari in jero muku abin daki-daki yadda ya kamata a bi shi, amma tun yanzu ku riƙe wannan: jinin da ke jikinka daban, takardar da hukuma za ta ba ka daban, haƙƙin da takardar za ta ba ka shi ma daban. Akwai mai fasfo a aljihu amma ba zai iya tsayawa takarar ko kansila ba, akwai kuma wanda garin neman takardar kakansa ya zubar da tasa ta nan bai sani ba.

1. Fara da tsofaffin gida, ba da ofis ba

Ka samu littafi da biro ka zauna da baba, ko gwaggo, ko kawun da ya fi kowa tuna abu. Mutum shida kake bincike: uba, uwa, da kakanni huɗu. Kowanne ka rubuta sunansa yadda yake a takarda ba yadda ake kiransa a gida ba, garin da aka haife shi, shekarar ko da kintace ne, da irin takardar da ya taɓa riƙewa. A buɗe tsohuwar adaka a duba, tsohon katin ɗan ƙasa, rasit ɗin haraji, fasfon aikin hajji, takardar fili, katin soja ko na fansho, kada ka raina komai don ya yi ja ko gara ta ci gefensa.

Abin da ya sa wurin haihuwa yake da nauyi haka, dokokin ƙasashen nan a kansa suka tsaya. "Mu asalinmu Kanawa ne" magana ce ta zaure, alƙali ba ya rubuta ta. Shi so yake ya ji wane ne aka haifa a ina, a wace shekara.

Hattara a nan: in kakanka mutumin Mubi ne, ko Gwoza, Bama, Ganye, Gembu, ka lura da shekara sosai, don wannan yankin sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ya shiga Najeriya, ranar 1 ga Yunin shekarar. Kundin tsarin mulkin Najeriya ya ɗauke su 'yan ƙasa, amma ai kun ga ko Atiku Abubakar da aka haifa a Jada a 1946 sai da aka tayar masa da maganar wai shi ba ɗan Najeriya na haihuwa ba ne a kotun zaɓe a 2019, kotu ta yi watsi da ita. In an yi wa mai wannan girman, kai ma ka shirya amsarka. Haka mutanen Darak da ƙauyukan bakin tafkin Cadi da suka dawo hannun Kamaru bayan hukuncin kotun duniya na 2002, su ma takardunsu na buƙatar a bi su a hankali.

2. Gyara takardar haihuwarka tukuna

Komai a kan wannan takardar yake hawa, akt ɗin nan, wato takardar haihuwa, da muke wasa da shi. In kana da shi, ka je meri, wato ofishin magajin gari, inda aka yi shi, can ɗin dai ba wata ba, ka ce a duba maka ko yana cikin babban littafinsu. Da yawa suna yawo da akt mai kyau da hatimi da sa hannu amma in an buɗe littafin lambar ta wani ce daban, wato wani ne ya zauna a ƙarƙashin bishiya ya cike maka shi shekarun baya. In yana ciki sai a yi maka kwafi a buga hatimi, timbir ɗin gwamnati, wato kan sarkin da ake mannawa, yanzu sefa 1,500 ne, meri ma tana da nata ɗan timbir. Kada ka yi kwafin da wuri ka ajiye, yawancin ofisoshi wanda bai wuce wata 3 ba suke karɓa. Kuma dan Allah a daina kai asalin takarda a manne ta da leda, wani ma'aikacin da ya gani zai turo maka abinka.

In babu akt kwata-kwata kuma ka girma, sai ta kotu. Sunan abin jugement supplétif, haka za ka faɗa a taga. Jerin shi ne: meri ta ba ka shaidar cewa ba a taɓa rubuta ka ba, likitan asibitin gwamnati ya duba ka ya ba da takardar kintacen shekaru, ka rubuta buƙata ka kai ofishin magatakardan kotun yankin da aka haife ka, ranar zama ka zo da shaidu biyu manya masu katinsu waɗanda suka san haihuwarka, in hukunci ya fito ka mayar da shi meri a rubuta maka akt. Kuɗin a warwatse yake, timbir nan, likita can, kotu, ga kuɗin motar shaidu da abincinsu, duk inda ka biya ka karɓi rasit. In ka ji an ce kotu za ta fito zaman ƙauye, irin wanda ake yi saboda 'yan makarantar da za su rubuta CEP, jarrabawar gama firamare, ba su da akt, ka yi maza, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Kuskuren da ya fi kashe mutane a wannan matakin suna ne. Ka ɗauki takarda uku na gida ɗaya ka shimfiɗa a tabarma: a akt ɗinka an rubuta baba Ousmanou, a katinsa Oumarou Ousman, a takardar kaka ta Najeriya kuma Usman Umaru. Mu mun san mutum ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba. A gyara ta kotu tun yanzu, kada ka sa biro ko abin gogewa da hannunka. Na biyu rage shekaru, da yin akt biyu, ɗaya na makaranta ɗaya na ƙwallo ko na neman aiki. Yanzu da ake ɗaukar yatsa, ranar da biyun suka haɗu katinka zai maƙale, ka yi ta yawo da resefise, takardar wucin gadi ta jiran kati, ana ƙara masa wa'adi.

Sai maganar aure, kuma a yi haƙuri da ni. In auren iyaye a masallaci kawai aka ɗaura ba a je meri ba, a addini ba shi da wani aibu, amma a takarda sai an tabbatar uban ya je ya amsa ɗansa an sa sunansa a akt. In gurbin uba fayau yake, ba ka da hanyar bin asali ta wajensa sai an cike wannan gurbin.

3. Karɓi shaidar ƙasar da kake ciki

Akt shaidar haihuwa ce kawai, ba shaidar ƙasa ba. Yaron da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo ana yi masa akt na Kamaru amma wannan bai mayar da shi ɗan Kamaru ba. Takardar da ke cewa kai ɗan ƙasa ne ita ce certificat de nationalité, shugaban kotun matakin farko ke sa mata hannu. Za ka kai kwafin akt mai hatimi, timbir, da katin uba ko na uwa ko akt ɗinsu.

Nan ne 'yan uwanmu Hausawa ke shan tambaya, daga an ga suna sai a ce kai ba ɗan Najeriya ba ne? Kada ranka ya ɓaci, kada kuma ka fara lalube aljihu, dokar ƙasa ta 11 ga Yunin 1968 tana gefenka in ka san ta. Ɗan da ubansa ko uwarsa ɗan Kamaru ne, ɗan Kamaru ne. Bayan wannan akwai wadda mutane ba su cika sani ba: ko da iyayenka baƙi ne, in an haife ka a Kamaru kuma ɗaya daga cikinsu shi ma a Kamaru aka haife shi, doka ta ɗauke ka ɗan ƙasa. Kenan wanda kakansa ya zo fataucin goro ya zauna a Garwa, aka haifi babansa a Garwa, shi ma aka haife shi a Garwa, ba alfarma yake roƙo ba. Abin da zai nuna shi ne akt ɗinsa da na babansa, shi ya sa na ce a fara da adaka. Wanda kuma shi kaɗai aka haifa a nan, iyaye duka daga waje, yana da dama ya nemi zama ɗan ƙasa cikin wata 6 kafin ya cika shekara 21, in ya yi shekara 5 yana zaune a ƙasar. Wannan damar in ta wuce ta wuce, sai dai doguwar hanya ta neman a ba ka da dokar shugaban ƙasa.

Da wannan takardar sai kati. A sabon tsarin da aka fara a 2025 ana fara cikewa ta intanet, a biya sefa 10,000, a ba ka rana ka je wajen 'yan sanda a ɗauki hoto da yatsa. Fasfo kuma 110,000. Ka cike da kanka ko ka tsaya a kan mai cike maka a shago ka karanta harafi-harafi kafin ya tura.

4. Tsaya nan ka yi lissafi kafin ka taɓa takardar wata ƙasa

Wannan ne matakin da nake so a karanta sau biyu. Kamaru ba ta yarda da ƙasa biyu ga baligi ba. Sashe na 31 na waccan dokar ya ce ɗan Kamaru da ya balaga, in da ganganci ya karɓi wata ƙasa ko ya ci gaba da riƙe ta, ya rasa ta Kamaru. Taura biyu ba ta taunuwa a nan. An daɗe ana ta maganar za a sauya dokar, musamman 'yan ƙasar da ke Turai suna ta matsawa, amma magana ba doka ba ce.

Na san abin da za ku ce, ai wane yana da biyu kuma lafiya lau yake shiga yana fita. Gaskiya ne, suna nan da yawa. Ba a bi gida-gida ana bincike, abin yana kwance ne sai ranar da ka fito takara, ko ka ci jarrabawar shiga aikin gwamnati, ko rigimar gado ko ta fili ta haɗa ka da wanda ya san sirrinka, ran nan za a zaro shi. Kuma in ta tabbata, a garin da aka binne cibiyarka za ka koma mai neman katin zama irin na baƙi.

Don haka ka tambayi kanka me kake nema takamaimai. In kasuwa ce, sarin kaya a Kantin Kwari ko Mubi ka dawo, ɗan Kamaru da ɗan Cadi ba sa buƙatar biza don gajeriyar ziyara a Najeriya, fasfonka ya ishe ka. In karatu ne, ana ɗaukar ɗalibai baƙi. In kuwa komawa za ka yi dungurungum, can za ka yi aure ka yi aiki ka tsufa, toh wannan dalili ne, ci gaba. A ganina dai mafi yawan masu tambayar nan ba ƙasa suke buƙata ba, sauƙin hanya suke nema, kuma bai kai a sayar da gida saboda shi ba.

5. Gane ƙofar da ta dace da kai a Najeriya

Kundin 1999 ya raba abin. Sashe na 25 shi ne ɗan ƙasa na haihuwa: in an haife ka a wajen Najeriya kuma uba ko uwa ɗan Najeriya ne, kai ɗan ƙasa ne tun ranar da ka faɗo, ba nema za ka yi ba, tabbatarwa za ka yi. A lura, uwa ma tana bayarwa. Maganar kaka a wannan sashen ta wanda aka haifa a cikin Najeriya ce.

Wanda aka haifa a waje kuma kaka kawai yake da shi, nasa sashe na 26 ne, wato rajista. Sai ka balaga, a gamsu da halinka, ka nuna da gaske zama za ka yi a Najeriya, ka yi rantsuwar biyayya. Ma'aikatar cikin gida ke karɓar takardu, amincewa ta shugaban ƙasa ce, don haka ba abin sati biyu ba ne. Matar da ta auri ɗan Najeriya ita ma ta nan take shiga, amma mijin 'yar Najeriya ba a ba shi wannan ba, shi sai ta hanyar zama na shekara 15 kamar kowane baƙo.

Wani zai ce to ai in kakana ɗan Najeriya ne babana ma ya zama, ni ma na zama. A lissafi haka ne, amma sai ka tabbatar da kowace gaɓa da takarda, kuma in kakan ya rasu kafin 1 ga Oktoban 1960, ko ya karɓi katin Kamaru ya rayu da shi har ya koma ga Allah, maganar ta cakuɗe, nan kam lauya za ka nema ba ɗan kamasho ba.

6. Haɗa dosiye, wato tarin takardun nema

Na mai uba ko uwa: akt ɗinka, fasfo ko lambar NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa ta Najeriya) ta mahaifin da kake bi ta wajensa, takardar ƙaramar hukumarsa ta asali, shaidar aure in akwai, hotuna. Takardun Faransanci a kai wa mai fassarar da hukuma ta sani ya mayar da su Turanci. Sai ka yi NIN, don yanzu ba a fasfon Najeriya sai da ita, kuma abin da aka shigar a NIN shi zai fito a fasfo, in an yi kuskure can gyaransa aiki ne. Daga nan Kamaru akwai ofishin jakadancin Najeriya a Yawunde da ƙananan ofisoshi a Duwala da Buya, a Cadi kuma yana Injamena. Ka tambayi kuɗin kowane abu a ofishin da bakinka, ka biya ta hanyar da suka ce.

Na mai kaka: duk waɗancan, da takardun da ke haɗa ka da uba, uba da kaka, da shaidar cewa ba ka da laifi a kotu, ita ma wata 3 take yi, da mutanen da za su tsaya maka a can.

Gargaɗi, kuma da babbar murya: akwai gajeriyar hanyar da kowa ya sani, a tsallaka Mubi ko Gamboru, a samu wani ya ce a nan aka haife ka, a yi takardar rantsuwar shekaru, a sa sunan kawu a matsayin uba. Yana fitowa da sauri, ba musu. Amma ka zama mutum biyu, ɗaya haifaffen Marwa ɗaya haifaffen Mubi, da yatsa iri ɗaya. Bayanin ƙarya laifi ne a ƙasashen biyu, kuma abin haushin shi ne mutum yana da haƙƙinsa na gaskiya ta wajen uwarsa ya bar shi ya je ya sayi na bogi.

7. Abin da takardar ba za ta ba ka ba

Ga inda bambancin yake. Wanda ya shiga ta rajista, sashe na 307 ya hana shi riƙe muƙamin zaɓe ko na naɗi sai bayan shekara 10. Shugaban ƙasa da gwamna kuwa har abada sai ɗan ƙasa na haihuwa. Ƙuri'a sai ka yi rajista da INEC kana da shekara 18, kuma sai ka je can da ƙafarka, Najeriya ba ta fara zaɓe daga waje ba.

Sannan ga babbar, takardar indijin. Ko kai ɗan ƙasa ne na haihuwa, gurbin aikin gwamnati, tallafin karatu na jiha, shiga soja ko ɗan sanda, duk sai an tambaye ka ƙaramar hukumarka. Ita kuma ba a Abuja ake ba da ita ba, sai mai unguwa ya san gidanku, dagaci ko hakimi ya sa hannu, kafin sakatariya ta buga hatimi. In shekara 70 rabon da wani daga gidanku ya taka unguwar, wa zai tsaya maka? Shi ya sa kafin ka kashe ko sisi ka fara zuwa ka nemo dangin, a gaisa, a san fuskarka, a nuna maka kangon gidan in yana nan. Zumuncin nan yana cikin dosiye ko da ba a rubuta shi a jeri ba.

Mu ma nan haka abin yake ta wata fuskar. Wanda aka ba shi ƙasar Kamaru da dokar shugaban ƙasa sai ya jira wasu shekaru kafin ya riƙe kujerar zaɓe, shugaban ƙasa sai ɗan ƙasa na haihuwa. Kujerar shugaban majalisar yanki da ta babban magajin gari, irin na Garwa ko Marwa, doka ta keɓe su ga ɗan asalin yankin. A jarrabawar shiga manyan makarantun gwamnati ana duba yankin da iyaye suka fito. Ƙuri'a kuma sai shekara 20, da rajistar ELECAM, hukumar zaɓen Kamaru, da ake buɗewa daga Janairu zuwa ƙarshen Agusta, kati kaɗai ba ya jefa ƙuri'a.

8. Masu bin ta Cadi, da maganar yara

Cadi dokarta ta 1962 ce, ita ma ta jini take bi, kuma ba ta da tsananin Kamaru a kan ƙasa biyu. Kati da fasfo da lambar NNI, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, duk a hannun hukumar ANATS suke, su ma akt da shaidar ƙasa za su fara tambaya. Amma mutanen Kuseri ku kula, sassaucin Injamena bai goge dokar Yawunde ba, ɗan Kamaru baligi da ya tsallaka gada ya karɓo katin Cadi sashe na 31 na nan yana jiransa. Kuma tunda ƙasashen biyu duk suna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, shiga da fita ba ya buƙatar ka sauya ƙasa.

Yara kuwa, wanda iyayensa suka fito daga ƙasa biyu, dokar rasa ƙasa ba ta hau kansa sai ya kai 21. Don haka aikin iyaye shi ne a yi masa akt cikin kwanakin farko tun kafin a gama cin naman suna, a rubuta sunan uba da na uwa daidai da yadda suke a katinsu, a ajiye kwafin takardun kowane ɓangare a wuri ɗaya, a ɗauki hotonsu a waya a tura wa wani ɗan uwa saboda gobara ko ambaliya irin ta Yagwa da Kuseri. In ya kai shekara 20 a zaunar da shi a gaya masa zaɓin da ke gabansa, ya je kotu ya karɓi shaidar ƙasar da ya zaɓa kafin wata 6 na ƙarshe na gabanin cikarsa 21 su ƙare.